Faɗan daba a tsohon birnin Niyok: wa ya zubar da jini, wa ya kwashi riba?

Daren Asabar da ta wuce na tarar da ɗan yayata da abokansa sun yi cincirindo a kan waya ɗaya a bencin mai shayin layinmu. Wani fim ɗin Turawa suke kallo, irin waɗanda ake ɗora wa muryar Hausa, a kan faɗan daba a birnin Niyok na Amurka tun zamanin keken doki. Ga gatari, ga wuƙar fawa, ga jini male-male a kan titi. Da aka zo wurin da wani ya rama abin da aka yi masa, sai yaron ya daki cinyarsa ya ce, "Kawu, ka ga maza! Waɗannan ba sa barin bashi ya kwana."

Wani dattijo da ke gefe yana juya shayinsa ya ɗago kai ya ce, "Ai baƙi ne. Duk garin da baƙi suka yi yawa, abin da za ka gani ke nan."

Na koma gida maganganun nan biyu suna ci mini rai, don na ɗan karanci tarihin wurin, kuma na san yaron da dattijon duk sun kauce hanya. Faɗan dabar da aka yi a unguwannin talakawan Niyok a ƙarni na 19 sana'a ce mai iyayen gida. Yaran da ke sara da suka su ne leburorinta, unguwarsu ce ke biyan kuɗin ɓarnar, riba kuma tana tafiya aljihun masu neman kujera. Ramuwar gayya ita ce igiyar da aka ɗaure yaran da ita don kada su bar aikin.

Baƙin da ake magana a kansu

Daga 1845 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa a ƙasar Ayalan, abincin da talakan can ya dogara a kansa. Cikin shekara 7 kusan mutum miliyan 1 suka mutu da yunwa da cututtuka, fiye da miliyan 1 kuma suka tsallake teku. Da aka yi ƙidaya a 1855, mutanen Niyok sun kai kusan 630,000. Fiye da rabinsu ba a Amurka aka haife su ba, fiye da ɗaya cikin huɗu kuma 'yan Ayalan ne.

Waɗanda talauci ya fi yi wa katutu sukan sauka a Five Points, unguwar da ta samo sunanta daga wata mahaɗar tituna mai kusurwa biyar. A kan wani tafki da aka cike aka gina ta, shi ya sa gidajen ke lotsawa, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kullum a jiƙe. Iyali guda a ɗaki guda, wani lokacin har da 'yan hayar kwana. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗaki 20 da bayan gida ɗaya a tsakiyar damina ya san irin zaman da nake nufi.

"Ai halin baƙi ne"

Da maganar dattijon zan fara, cikin girmamawa, don ita ce ta fi yawo a bakin mutane.

Ɗan dabar da ya fi kowa suna a Niyok a farkon shekarun 1850 ba baƙo ba ne. William Poole a jihar New Jersey aka haife shi, mahauci ne, ɗan dambe, jigo a dabar Bowery Boys. Ƙarfinsa ya bai wa jam'iyyar da ake kira Know Nothing, ta masu ƙyamar baƙi da 'yan Katolika, wadda ke neman a sa baƙo ya jira shekara 21 kafin ya zama ɗan ƙasa. Waɗanda suka fi ihun cewa baƙi sun lalata gari suna da nasu 'yan daban da suke ciyarwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Na biyu, mutanen unguwar fa? A 1991, da za a gina wata kotu a wani ɓangare na tsohuwar Five Points, masu binciken kayan tarihi suka haƙa wurin, suka tono abubuwa kusan 850,000 daga tsofaffin ramukan bayan gida da na shara. Abin da ya fi fitowa shi ne kofunan shayi na tangaran ƙirar Ingila, da faranti, da maɓallai da kayan ɗinki, da kwalaben magani, da kayan wasan yara. Ni wannan kofin shayin ya fi taɓa mini zuciya. Mace ce da ta wuni tana ɗinkin riguna a ɗaki mai duhu, amma ta tara kuɗi ta sayi kofi mai zane don in baƙo ya zo ta fita kunya.

Akwai kuma bankin Emigrant Savings da ƙungiyar taimakon baƙin Ayalan ta buɗe a 1850. Littattafansa suna nan har yau, cike da sunayen leburori da masu wankau da 'yan aikin gida masu ajiya kaɗan-kaɗan. Irin waɗannan mutanen ne ke aika wa na gida kuɗin jirgi su ma su taho. Su ne mafi yawa a unguwar, amma ba su jaridu ke bugawa ba. Ɗan kuka ne ya jawo wa uwarsa jifa, har yau kuma uwar ake jifa.

Yadda bashin jini ke haihuwa

Yanzu ga maganar ɗan yayata, cewa maza ne ba sa barin bashi ya kwana. Bari mu bi bashi ɗaya daga farkonsa mu ga inda ya kwana.

Abokin gabar Poole shi ne John Morrissey, haifaffen Ayalan a 1831, ɗan dambe kuma ɗan caca, mai yi wa Tammany Hall aiki. Tammany Hall ita ce ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Dimokurat a birnin. Gardamar dambe da ta siyasa suka haɗa su. A tsakiyar 1854 suka sa rana suka haɗu a bakin wata tashar jiragen ruwa da ke ƙarshen titin Amos, Poole ya yi wa Morrissey dukan kawo wuƙa a gaban jama'a.

A al'adar daba, wanda aka kunyata a gaban jama'a ba shi da sauran kasuwa sai ya wanke kansa. Wannan shi ne abin da yaranmu ba sa gani. Ɗan siyasa ba ya hayar wanda aka taɓa kayarwa aka tafi lafiya. Saboda haka ramuwar ta wuce zafin zuciya, ta zama tsaron abinci.

Ran 25 ga Fabrairun 1855, da tsakar dare, abokan Morrissey suka tarar da Poole a wata mashaya mai suna Stanwix Hall a titin Broadway. Wani tsohon ɗan sanda, Lew Baker, ya harbe shi a ƙirji. Ya yi kwana 11 da harsashi a jikinsa, ya cika ran 8 ga Maris yana da shekara 33, ya bar mata da ɗa ƙarami.

Ku dubi abin da aka yi da gawar. Jaridu suka baza cewa kalmarsa ta ƙarshe ita ce yana mutuwa ne a matsayin cikakken Ba'amurke. Masu ƙyamar baƙi suka mayar da jana'izar gangamin siyasa, dubban mutane suka raka shi zuwa maƙabartar Green-Wood a Brooklyn. Da aka watse, kabarin ya zauna ba ko allon suna har zuwa 2003. Sun ci moriyar ganga sun yada korenta.

Baker ya gudu a jirgin ruwa ya nufi tsibiran Kanari, aka bi shi aka kamo shi a teku. Sau 3 ana gurfanar da shi, sau 3 masu taya alƙali yanke hukunci suna kasa haɗa baki, daga ƙarshe aka sake shi. Morrissey ma an tuhume shi, ba a taɓa kama shi da laifi ba. To ina bashin ya kwana? A ɗakin bazawara da maraya ya kwana. Hausawa suna cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma gaskiya ne, sai dai karin maganar bai ce wanda ya yi gayyar ne kaɗai zafin ke ƙonawa ba.

"To in hukuma ba ta kare ka ba fa?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mutumin da aka kashe wa ɗan'uwa, ya ga wanda ya yi kisan yana yawo a gari saboda yana da uban gida, me za ka ce masa?

Kuma a Niyok ta lokacin, hukumar ta gaza da gaske. A 1857 majalisar jiha da ke Albany, wadda ke hannun 'yan Rifablikan, ta kafa sabuwar rundunar 'yan sanda don ƙwace iko daga magajin gari Fernando Wood. Wood ya ƙi rusa tasa. Gari ɗaya, rundunar 'yan sanda biyu, wannan ta kama mai laifi waccan ta sake shi. Ran 16 ga Yuni rundunonin biyu suka dambace da kulake a matakalar ofishin magajin gari, aka raunata mutum kusan 50, sai da sojoji suka shiga tsakani.

Ran 2 ga Yuli kotun ƙoli ta jihar ta ba sabuwar rundunar gaskiya, Wood ya sallami tasa. Cikin waɗanda suka rasa aiki akwai 'yan Ayalan da yawa, don aikin ɗan sanda a lokacin rabon siyasa ne, na unguwa ke samo wa na unguwa. Kwana 2 bayan hukuncin, ranar bikin 'yancin Amurka, wasu matasan Five Points suka far wa sababbin 'yan sandan, Bowery Boys suka shigar wa 'yan sandan. A titin Bayard aka tare hanya da amalanke da ganguna da katako, ana ruwan bulo da duwatsu daga saman gidaje, daga baya aka fito da bindigogi. Jaridu suka kira 'yan Five Points ɗin da sunan Dead Rabbits, wato matattun zomaye, sunan kuma ya bi rikicin. Aƙalla mutum 8 suka mutu, gommai suka jikkata, sai da aka fito da sojoji washegari.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na yarda. Amma wa ya tsaga bangon? Manya ne a Albany da ofishin magajin gari ke rigima kan wanda zai raba aikin ɗan sanda. Ko ɗaya daga cikinsu bai kwana a titin Bayard ba. A ɓangarorin biyu na shingen kuwa akwai 'ya'yan Ayalan, talakawa masu addini ɗaya, suna jifan juna saboda iyayen gidansu sun saɓa.

Abin da nake ce wa mai wannan hujjar shi ne, ɓacin ransa halal ne, amma daba ba ta taɓa mayar masa da haƙƙinsa ba. Alƙali yana neman mai laifi da sunansa. Daba tana neman kowa daga layin su mai laifi. Ko a addininmu da ya halatta ƙisasi, ba a bar shi a hannun mai fushi ba, sai an je gaban alƙali an kawo shaidu, kuma ba a kama wani da laifin wani. Da zarar ka ce "su" suka kashe mana, ka buɗe ƙofar da kowane ɗan unguwarka zai zama abin farauta, har almajirin tela da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Masu riƙe da igiyar

A lokacin babu ƙuri'ar sirri. Kowace jam'iyya ita ke buga takardar ƙuri'arta, mai zaɓe ya riƙo ta a hannu kowa na gani. Wanda ke da ƙarti a bakin rumfa shi ke da akwatin. Suna korar na ɗaya ɓangaren, suna kawo nasu su jefa sau biyu sau uku. Ladan aikin shi ne lasisin mashaya, ko gurbi a 'yan sanda, ko a ɗaga waya, a'a, a aika ɗan saƙo wurin alƙali in an kama yaro.

Har kashe gobara an mayar da ita filin daga. 'Yan kwana-kwanan birnin na sa kai ne, kowace unguwa da ƙungiyarta, kuma sau da yawa ƙungiyoyi biyu kan tsaya suna dambe kan wanda zai ɗaura tiyo a famfon bakin titi, gida yana ci da wuta. William Tweed, wanda daga baya ya zama uban Tammany Hall ya wawure dukiyar birnin har ya mutu a kurkuku a 1878, daga shugabancin irin wannan ƙungiyar ya fara. Da aka kafa 'yan kwana-kwana masu albashi a 1865, wannan nau'in faɗan ya mutu. Mutanen ba su canja jini ba. Abin da ake faɗan a kansa ne aka ɗauke.

Ba sai na yi wa mai karatu a Kano ko Gombe ko Bauchi dogon bayani a nan ba. Mun san lokacin da 'yan daba da 'yan kalare da 'yan sara-suka ke samun sababbin babura, mun kuma san lokacin da wayar mai gidan ke daina shiga.

Inda fushin ya sauka a 1863

Ga wanda har yanzu yake ganin zafin kan nan kariya ce ga talaka, ya dubi watan Yulin 1863. Ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, gwamnati ta kawo dokar ɗaukar soja dole, amma mai dala 300 yana iya biya ya zauna a gida. Kuɗin ya kusa abin da lebura ke samu a shekara. Zalunci ne ƙarara, kuma talakawan birnin, yawancinsu 'yan Ayalan, suna da dalilin fusata.

Sun fara da ofishin ɗaukar sojan. Kafin rana ta faɗi fushin ya juya kan baƙaƙen fata, mutanen da ba su rubuta dokar ba, waɗanda ma suka fi su rauni a garin. Aka cinna wa gidan marayun baƙaƙen fata da ke titin Fifth Avenue wuta, yara fiye da 200 suka tsira ta ƙofar baya. Aka kashe baƙaƙen fata 11 kisan gilla, an rataye wasunsu a kan titi. Cikin kwana 4, daga 13 zuwa 16 ga wata, ƙididdigar hukuma ta nuna mutum kusan 120 sun mutu, kuma da yawansu masu tarzomar ne da harsashin soja ya samu. Iyalan baƙaƙen fata da dama suka bar tsakiyar birnin ba su dawo ba.

Abin lura, Five Points da ake yi wa kallon matattarar mugunta ba ita ce cibiyar wannan ɓarnar ba. A can baƙaƙen fata da 'yan Ayalan sun daɗe suna zaman maƙwabtaka. Wanda ka saba karɓar garwashi a gidansa da wuya ka yarda a ce maka shi ne maƙiyinka.

"Ai ga Morrissey ya zama wani abu"

Na san wani zai ce, to ai wanda ya rama ɗin ya ci riba. Haka ne. Morrissey ya ci kambun damben Amurka, ya buɗe gidajen caca, ya fara shirya sukuwar dawaki a Saratoga a watan Agustan 1863, makonni kaɗan bayan an kwashe gawawwaki daga titunan Niyok. Daga 1867 zuwa 1871 yana majalisar wakilai ta ƙasa da goyon bayan Tammany.

Amma ya hau ne ranar da ya daina riƙe wuƙa da kansa ya koma cikin masu aikawa. Kuma shi ɗaya muke iya kiran sunansa. Sauran da suka bi shi a baya fa, waɗanda suka ƙare da karyayyen muƙamuƙi, ko a kurkuku, ko a ramin da ake binne marasa gata? Yaron da ke kallon Morrissey yana mafarki daidai yake da mai kallon wanda ya ci caca, bai ga ɗaruruwan da suka koma gida ba ko kuɗin mota.

Yawancin 'yan Ayalan da suka fita daga ƙangin ta wata hanyar suka fita: aikin gini, aikin tashar jiragen ruwa, ƙungiyoyin ƙwadago, makarantun coci, ajiyar sisi da kwabo. A 1880 birnin ya zaɓi William Grace, haifaffen Ayalan kuma ɗan Katolika, a matsayin magajin gari, shekara 25 kacal bayan jana'izar Poole.

Da suka tashi daga tsofaffin ɗakunan, sai 'yan Italiya da Yahudawan gabashin Turai suka shiga. Harshe daban, addini daban, abinci daban, amma ɗakunan nan ne dai masu laima, rumfunan zaɓen nan ne dai, Tammany ɗin nan ce dai. Nan da nan sababbin daba suka tsiro. Wannan ita ce amsata ta ƙarshe ga dattijon bencin mai shayi.

A 1903 dabar Paul Kelly, ɗan asalin Italiya, da ta Monk Eastman suka yi awanni suna musayar wuta a titin Rivington, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Dukansu biyu Tammany suke yi wa aikin zaɓe. Da jaridu suka yi caa, abin ya fara zubar wa jam'iyya mutunci, sai manyan Tammany suka kira shugabannin biyu suka zaunar da su suka ce a tsagaita. Mutanen da suka yi shekaru suna rantsuwa da jinin 'yan'uwansu suka miƙa wa juna hannu.

A 1904 aka kama Eastman bayan ya yi harbi a wani yunƙurin fashi. Wannan karon ba wanda ya zo daga Tammany don fito da shi. Aka yanke masa shekara 10 a kurkukun Sing Sing.